Shekarar da Na Ƙara wa Eriyar Sani Tsawo

Ku 'ya'yana, kun tashi kun tarar ana kirana gwanin eriya a Garwa, kun kuma tarar ana kiran baffanku Sani mai ƙona rediyo. Na sha jin wasunku suna tsokanar 'ya'yansa da wannan suna idan sun zo hutu daga Tibati, ina zaune a kan tabarma ina ji, ban taɓa buɗe baki na hana ba. Yanzu hannuna ya fara rawa, ƙarfen dalma ya gagare ni riƙewa, alƙalami kaɗai nake iya sarrafawa, shi ma da lallami. To bari in gaya muku inda sunayen nan biyu suka samo asali. Ba zan gajiyar da ku da labarin makarantun da na yi ba, don ba su da yawa. Shekara ɗaya ce nake so ku sani, ita ce kuma na fi shekara talatin ina zagaye ta a duk hirar da na yi da ku.

Kakanku Malam Ɗanladi, ubansa fatauci ya kawo shi nan daga ƙasar Kano, amma shi Baba bai gaji fataucin ba, gyaran rediyo ya kama. Shagonmu yana bayan kasuwa, ɗaki ɗaya mai warin dalma da ƙura. Tun ina ɗan shekara goma nake zaune a gefen teburinsa. Da hanci da kunne na koyi aikin: in rediyo ya shigo, kafin a kwance bayansa na san abin da ya ƙone a ciki. Sani kuwa, da na girme shi da shekara shida, shi aka tura makarantar lise ta koyon sana'a a Marwa. Ni ne na ce a tura shi, kada ku ce ban so ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda zai dawo. Ya dawo da littafi mai kauri na Faransanci, da wani ƙaramin akwatin awo mai allura, da kuma wani irin sanyin magana da ke sa mutum ya ji kamar shi ne wawa tun kafin a gama bayani. A lokacin idanun Baba sun yi yana, ya daina zuwa shago, yana wuni a zaure. Ni ɗan fari ne, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," yake cewa, ko "wancan," in kuwa ya ji daɗi ya ce "Babba." Na san al'ada ce, na san kunya ce ba ƙiyayya ba. Amma ku zauna ku ji ubanku yana kiran "Sani, Sani" sau ashirin a wuni, yana tambayarsa abin da littafi ya ce a kan aikin da ku kuka yi shekara goma sha biyar kuna yi, sannan ku zo ku gaya mini cewa al'ada ce. Hassada ta kama ni, ba na kuma neman wani suna mai daɗi in sa mata.

A shekarar nan wayar hannu ba ta zo mana ba tukuna. Masu motocin shanu suna da ofis a cikin gari, suna da kara, wato kasuwar shanu, a bayan gari, tafiya mai ɗan nisa, kullum sai an tura mutum a babur ya je ya dawo da saƙo. Shugabansu Alhaji Buba, Bafulatani ne dogo mai son a san da zamansa, ya samo rediyon magana guda biyu da takardar izininsu, ya aiko wa Baba cewa yana son a kafa masa eriya, ɗaya a ofis ɗaya a kara. Ina tsaye a wurin Baba ya ce wa ɗan saƙon, "Sani zai yi." Bai ma juyo wajen da nake ba.

Kwana uku Sani yana yanka bututun jan ƙarfe yana gogewa. Abin da ya fito da shi ya ba ni dariya: sanda ɗaya a tsaye, ba ta kai tsawon hannuna ba, da ƙafafu huɗu a ƙasanta sun sunkuya. Da la'asar ya kawo wa Baba zaure. Baba ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya auna sandar da tafin hannunsa, taki biyu da 'yan yatsu.

"Sani, ba ta yi gajarta ba kuwa?"

"Baba, ba tsawo ake nema ba, daidai ake nema. Kowace tasha da tsawon zangonta. Ana raba ɗari uku da lambar tashar. Tamu ɗari da hamsin ce, ya ba da mita biyu. Sandar tsakiya kashi ɗaya cikin huɗu take ɗauka, sai a rage ɗan kaɗan. Shi ne santimita arba'in da bakwai da rabi."

Na kasa haƙuri, na sa baki. "Su kuma ƙafafun fa? Ka bar su a lanƙwashe kamar kaza ta sha dukan ruwa. Wa zai ce daga shagonmu wannan ta fito?"

"Yaya, da gangan ne," in ji shi, ko ɗaga murya bai yi ba. "Wayar da ke kai wuta daga rediyo zuwa sama om hamsin ce a awon lantarki. In ƙafafun suka miƙe a kwance, eriyar ba ta ma kai arba'in ba. In aka sunkuyar da su rabi, sai ta hau hamsin, bakinsu ya zo ɗaya. In baki bai zo ɗaya ba, wutar da aka tura ba ta fita duka. Saura yakan biyo waya ya koma cikin rediyon ya yi ta dafa shi."

Baba ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani ya yi don wani aiki nawa ba. Ya ce, "Wato kamar a ɗaura babban tiyo a ƙaramin famfo. To wane kuskure ne ya fi muni?"

"A ninka tsawon sandar, Baba. Nan ne kusan duk wutar take dawowa."

Ina so ku riƙe wannan da kyau: ina wurin, na ji da kunnena. Duk abin da zan faɗa nan gaba, ba wanda zai ce rashin sani ne.

Sani ya kafa ta ofis, ya haɗa akwatin awonsa, allurar ta kwanta lakadan, alamar ba wutar da ke dawowa. Washegari da safe ya ɗauki ta biyun ya tafi kara, ya ce can zai kwana don a buɗe magana da hantsi. Ya bar ni da ɗaure wayoyi a ofis. Da azahar Alhaji Buba ya fito, ya kare ido da hannu, ya dubi saman rufi. Ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan Malam, wannan ɗan tsinken ne zai kai muryata kara? Gobe manyan mutane za su zo fa. Ta gidan bature da na gani a Ngawundare ta fi mutum tsawo. Kai ne babba, ya ka gani?"

Shekara nawa ina jiran wani ya ce mini kai ne babba, ya ka gani. Na ce masa, "Alhaji, yaro ne, boko ya yi masa yawa. Bar ni da ita." Na hau rufin a tsakiyar zafin bazara, kwano yana ƙona mini tafin ƙafa. Na ɗauko ragowar bututun da Sani ya bari, na auna daidai tsawon sandarsa, na liƙa a kai da dalma, ta tashi kusan mita guda. Na kama ƙafafun huɗu na miƙar da su sambal. Da na sauko na duba, wallahi ta yi kyau, Alhaji har da dafa mini kafaɗa yana cewa useko, godiyar Fulani. Abin da na gaya wa kaina a kan rufin nan shi ne, ai lissafin takarda ne kawai, in ta yi aiki na ƙaryata littafinsa a gaban kowa. Amma akwai wata murya a ƙasan wannan, ita ce ta gaskiya, tana cewa in kuma ta ƙone, sunan Sani ne a kan aikin. Ta ko'ina aka bi ba ni da asara.

Washegari da hantsi ofis ya cika. Dillalai, direbobi, har da wani mai unguwa. Aka miƙa wa Alhaji abin magana, na nuna masa maɓallin da ake dannawa. Kun san gaisuwar mutanenmu. Bature zai danna ya ce kalma uku ya saki. Alhaji Buba kuwa ya danna ya gyara tsayuwa, ya fara da Fulatanci.

"Jam na? Noy saare? Noy ɓikkon? Noy na'i?"

Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi shanu, bai saki maɓallin ya jira amsa ba, shi ke tambaya shi ke cewa madalla. Ya gama da Fulatanci ya koma Hausa, ya gaida sarkin kara da sunansa, ya gaida na kusa da shi, ya shiga yi wa taron bayanin yadda ya sha wahala kafin ya samo na'urar. Duk wannan lokaci wuta tana hawa tana dawowa. Ni na fara jin warin. Na gaya muku da hanci na koyi aiki, kuma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun ba wanda ya lura na san tiransiston ƙarshe, ɗan abin da ke tura wuta sama, yana dahuwa. Da na ce, "Alhaji, saki maɓallin," da an tsira. Kalma uku. Na tsaya hannuna a aljihu ina kallon bango har hayaƙi ya fito ta ramukan bayan rediyon, fitilarsa ta mutu.

Ba a daɗe ba sai ga Sani a kan babur, ya yi futu-futu da ƙura. Ya ce muryar ta zo masa a shaƙe sannan ta ɗauke. Kafin ya shiga ofis ya ɗaga kai ya dubi rufi. Na ga lokacin da ya gani. Ya dubi eriyar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya fito yana huci, ya ce an kunyata shi a gaban baƙinsa, ya ce ya ba ɗan makaranta amana ya ƙona masa kaya tun ranar farko. Shi a ransa ƙarin tsawon ba zai taɓa zama laifi ba, ai gyara ne, don haka ko ambatonsa bai yi ba.

"A yi haƙuri, Alhaji," in ji Sani. "Aikinmu ne, za mu gyara."

"Aikinka dai! Mai ƙona rediyo kawai!"

Direbobi suka kwashe da dariya, sunan ya zauna daga ranar. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙi, ko da wan ya ce rana daga yamma take fitowa. Sani ya san haka, ni ma na san ya sani, kuma da wannan na dogara. Ya ƙara dubana sau ɗaya, yana jira in yi magana. Na duƙa ina naɗe waya.

Labari ya riga mu isa gida. Inna tana tsakar gida tana cewa ita dama ba ta yarda da abin da ake magana da iska ba. Mahaifiyarku tana gindin murhu, ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da tuƙi. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "A sauko mini da eriyar in taɓa." Ni ya aika, don ni ne babba. Nan ne na yi abin da ya fi duk na baya muni, domin na farko zan iya cewa zafin rai ne, na biyu zan iya cewa tsoro ne, wannan kuwa da natsuwa na yi shi. Na sauko da ita, na biya shago, na narkar da dalmar, na cire ƙarin, na goge bakin da fayil har ya yi sumul. Na mayar da ƙafafun yadda suke a sunkuye. Sannan na kai wa Baba zaure, Sani yana zaune a gefensa. Baba ya auna da tafin hannu. Taki biyu da 'yan yatsu.

"Sani, haka ka auna ta?"

Sani ya dubi eriyar a hannun Baba, ya ga bakin da aka goge yana ƙyalli.

"Haka na auna ta, Baba."

"Ba wanda ya taɓa maka lissafi?"

"Lissafina ne, Baba."

Bai yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, bai kuma tona ni ba. Baba ya ajiye eriyar a hankali, ya ce, "To. Takarda daban, aiki daban. Ka koma shago ka zauna ƙarƙashin wanka, ka koyi abin da hannu ya sani. Kada ka ƙara taɓa na'urar mutane sai ya duba." Abin da na yi shekaru ina mafarkin ji ke nan. Na ji shi kuwa, ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Daɗin bai kai magariba ba, amma na ji shi.

Alhaji Buba ya ce ni zan gyara. Na canja tiransiston, wannan aikina ne na gaske. Eriya kuwa, me kuke tsammani na kafa? Ta Sani. Ita ɗin dai, santimita arba'in da bakwai da rabi, ƙafafu a sunkuye. Dabarar da na ƙara ɗaya ce: na ɗora ta a kan dogon ƙarfen famfo, ta yi sama sosai, Alhaji ya ga tsawon da ransa ke so. Murya ta fita tangaran har kara. Na kuma koya masa ya riƙa sakin maɓalli tsakanin gida da yara. Daga nan aiki ya buɗe mini. Masu auduga suka neme ni, masu jigila zuwa Meiganga suka neme ni, har Mindif an ɗauke ni a mota. Ko'ina na je, ɗari uku nake rabawa da lambar tasha in ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, in sunkuyar da ƙafafu. Ban taɓa buɗe littafi ba. Abin da na ji a zaure ranar nan ina cika ina batsewa, shi na ci abinci da shi har na tsufa. Ranar da na gaya wa Baba rediyon Alhaji ya tashi, ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Babba, Allah ya yi maka albarka." Sani yana bakin ƙofa yana ji.

Wata huɗu ya yi a ƙarƙashina. Yana zuwa da wuri, yana share shago, yana miƙo mini abin da na nema. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma shirun nan ya fi zagi ci mini rai. Na riƙa neman sa da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko zai fusata ya faɗa mini baƙar magana in samu abin riƙewa. Bai ba ni ba. Da damina ta tsaya ya ce wa Baba ya ji masunta a Mbakawu, kusa da Tibati, suna neman mai gyaran injin kwalekwale, yana so ya gwada. Baba ya ce ya je, wataƙila inji ya fi karɓar sa. Akwatin awonsa ya bar mini a kan tebur. Mahaifiyarku ce kaɗai ta taɓa tunkarata. Wata rana tana zuba mini ruwa a buta ta ce, "Malam, tun da ƙanenka ya tafi ba ka cin tuwo sai dai ka jagwalgwala. Ni ban tambaye ka ba." Na ce mata zafi ne. Bayan damina uku Baba ya rasu. Sau da yawa a cikin jinyarsa na zauna kusa da shi, maganar tana bakina, sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi tukuna.

Sai da Sani zai aurar da 'yarsa ta fari na je Tibati. Mun yi furfura mu duka biyu. Da safen ɗaurin auren ya ja ni bakin ruwa in ga rumfarsa, injuna a jere, ƙamshin bandar kifi ko'ina. Masunta suna wucewa suna gaishe shi da girmamawa, wani har da cire hula. Ku ji halin ubanku: ko a nan sai da na ji wani abu ya soke ni, na ce a raina, ji yadda ake son sa. Muka zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta. Na faɗa masa duka, da ƙarin tsawon, da warin da na ji na yi shiru, da fayil ɗin. Ya saurara yana wasa da wata igiya a hannunsa.

"Yaya, ai na sani. Wanda ban sani ba shi ne na warin."

Na ce ya yafe mini.

"Nawa na yafe tun kafin in bar Garwa, in ba haka ba da ban iya zama a shagon ba. Abu ɗaya ne ya ƙi wucewa. Duk lokacin da na je gaida Baba, sai ya kama hannuna ya ce, Sani, kana dai tambayar wanka kafin ka taɓa kayan mutane ko? In ce ina tambaya, Baba. Har zuwana na ƙarshe haka ya ce mini. Ya tafi yana zaton ban iya ba. Wannan ban san wanda za ka je ka gaya wa ba, Yaya."

Ruwa yana ta bugun gefen kwalekwalen. Can sai ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo mini hannu don gwiwata ba ta tashi da kanta.

"Taso, Yaya, liman yana jira. Kai ne waliyyin yarinyar, ba za a ɗaura ba sai kana wurin."

Na kama hannunsa na tashi. Da muka doshi taron sai ya rage tafiya, ya koma bayana, don mutane su ga babba ne a gaba.